Ranar da Aka Ɗago Ni Daga Binuwai

Duk wanda ya taɓa sayen yashi a bakin Binuwai, ƙasa da gadar Garwa, ya san Barthélemy. In bai san sunan ba, to ya san ƙirjin. Ni ne ɗan dutsen da ya sauko daga wajen Mokolo bai taɓa ganin ruwan da ya wuce na randa ba, ya zo ya zama uban masu nutso. Ban taɓa ɗora mazaunaina a bencin lakwal, wato makaranta, ba, amma ku je ku tambayi gidajen benen garin nan wa ya kawo yashin da ke jikinsu. Da bokitina na shiga ƙarƙashin kogi na ɗebo musu shi.

Mutuwa kuwa mun san juna. Ta zo mini da amai da gudawa shekarar da aka riƙa kwasar mutane a amalanke, na ce mata ina da aiki. Ta kifar da kamiyon, babbar motar kaya, da nake ciki a Ngong, na fito daga ƙarƙashin buhunan gyaɗa ina kakkaɓe riga. Maciji ya sare ni a diddige, shi ya mutu, ni na tashi na sha kunu. Dorina ta juyar da jirginmu, ta buɗe baki kusa da ni har na ga ciyawar da ta ci, na yi iyo na bar ta tana hamma. Duk waɗannan da hannuna da ƙafata na fita. Shi ya sa ranar da aka fara yi mini maganar ceto na ce, in ceto ne ai sana'ata ce.

Matata Émilienne, wadda nake kira Maman Arlette, an yi mata baftisma tun tana budurwa. Ni kuwa ina raka ta majami'a, ina zama a baya kusa da ƙofa inda iska take shigowa, ina kuma iya waƙoƙin fiye da masu waƙar. Ban ga abin da ya rage mini ba. Sai ciwon yanar ido ya rufe mata gani. Daga nan duk Lahadi ni nake riƙe hannunta daga gidanmu a unguwar Yelwa, in tsallakar da ita kwata, in yi wa masu moto tsawa su ba mu hanya, har in zaunar da ita a benci.

A majami'armu, ranar Jibin Ubangiji waɗanda aka yi wa baftisma ne kaɗai suke tashi su je gaba su karɓi gurasa da ƙoƙo. To a irin wannan rana sai Pascaline, shugabar zumuntar mata, ta zo ta tsaya a kaina ta ce, "Baba, kawo ta." In zare hannun matata daga nawa in sa a na wata. Ni da na kawo ta tun daga Yelwa, 'yar tafiyar nan daga benci zuwa tebur ce aka ce ba tawa ba.

Wata Lahadi muna komawa gida ta ce, "Pascaline tana ja na kamar akuya, Baban Arlette. Ba ta faɗa mini inda matakala take."

"Zan yi mata magana."

"Ba magana nake so ka yi mata ba. Kai nake so ka kai ni."

Asabar ɗin da ta biyo na je ajin baftisma.

Fasto Gédéon mutumin Tignère ne, ɗan siriri mai tabarau, buhun siminti ya fi shi nauyi. A ƙarƙashin dogonyaro yake koyar da ajin. Da ya gan ni sai ya miƙe ya ba ni kujerarsa, abin da ya nuna yana da tarbiyya.

"Baba Barthélemy, me ya kawo ka?"

"Na zo karɓar ceto. Faɗa mini abin da ake yi in yi. In azumi ne, in ɗaukar bulo ne na ginin majami'a, duk na iya. In barin giya ne, likita ya riga ka."

"Ba abin da za ka yi ka saye shi, Baba. Almasihu ya riga ya gama aikin. Kyauta ake ba da shi, shi ne muke kira alheri."

"Kyauta? Fasto, tun da na sauko daga dutse ban taɓa cin abin da ban yi wa gumi ba."

"To wannan za ka ci."

"In haka ne, me ya sa na taso da ƙafata cikin wannan rana? Da na zauna a gida an kawo mini."

"Wa ya sa maka son tasowar?"

"Maman Arlette."

"Ita kuma wa ya ba ka ita?"

"Ubanta. Kuma da ƙyar."

'Yan ajin suka fashe da dariya, shi ma ya yi. Haka muka riƙa yi duk Asabar, shi yana cewa Allah ne ya fara nema na, ni ina cewa ni na zo da kaina. Amma da ya tambaye ni ko na ba da gaskiya ga Yesu, na ce masa na ba da, kuma ban yi ƙarya ba. Mutumin da ya shiga mutuwa ya fito, ai ni ne ya kamata in fi kowa girmama shi. Aka sa ni cikin waɗanda za a yi wa baftisma da Kirsimeti, a kogi.

Ga yadda ake yi. Mutum ya shiga ruwa har ƙugu, ya naɗe hannuwansa a ƙirji. Fasto ya sa hannu a bayansa, ya kwantar da shi rigingine har ruwa ya rufe fuskarsa, sannan ya ɗago shi. Na ga an yi wa mata da samari, na ce wannan ai wasa ne. Abin da ban lura da shi ba shi ne, mai nutso ba ya shiga ruwa da baya. Da kai ake shiga, ido na kallon ƙasa, ƙafa a shirye ta doki yashi ta harbo ka sama.

Da aka zo kaina ranar Kirsimetin, Fasto ya kira sunan Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki, ya fara kwantar da ni. Ƙeyata tana taɓa ruwa, jikina ya yi abin da ya saba ba tare da ya tambaye ni ba. Na murɗe kamar tarwaɗa, ƙafata ta doki ƙasa, na taso da ƙarfi. Kaina ya haɗu da haɓar Fasto. Sai ga ƙafafunsa a sama, sai babu shi. Ashe bawan Allah bai iya iyo ba. Waƙar mata ta koma ihu. Na cafko shi ta wuyan riga, na saɓa shi a kafaɗa, na kai shi bakin gaɓa na ajiye yana tari. Na koma na yi nutso na ciro masa tabaransa daga cikin yashi, abin da ba wanda zai iya a wurin in ba ni ba.

Fulbert, dattijon ikilisiya, mutum mai fuska kamar an hana shi abinci, ya ce baftismar ba ta yi ba, don goshina bai shiga ruwa a hannun Fasto ba.

Na ce, "To nutson tabarau fa? Kaina ya jiƙe sarai. A haɗa da shi."

"Ba a haɗawa."

"Na ceci Fastonku a gaban kowa!"

Fasto ya ɗago kai, ruwa na zuba daga hancinsa, ya ce, "Ka cece ni daga inda ka jefa ni, Baba. Na gode dai."

Dattawa suka zauna a kaina. Fulbert ya kawo shawara a zaunar da ni a kujera cikin majami'a a zuba mini ruwa da kwano, yadda ake yi wa marasa lafiyar da ba sa iya tashi. Ni. Da kwano. Na ce masa kafin ruwan ya bushe a kaina labarin ya isa bakin kogi, kuma daga ranar ba zan sake iya bi ta gada ba. Fasto ya ce yawan ruwa ba shi yake ceton mutum ba, ko kwano ko kogi duk ɗaya ne a wurin Allah, amma tunda kogi nake so, zai jira ni zuwa Ista.

"Sai dai ka koyi abu ɗaya, Baba. Ka bari a ɗago ka."

Lahadin Jibin da ta biyo, Pascaline ta sake zuwa ta ce, "Baba, kawo ta." Wannan karon har da murmushi. Na miƙa mata hannun ina kallon rufin kwano.

Na fara gwaji a gida. Na fito da katifa tsakar gida, na juya mata baya, na naɗe hannu, na ce wa jikina, faɗi. Ina kaiwa rabi sai in ga kaina a durƙushe, tafin hannu a ƙasa. Na sake, na sake. Kajin gidan suka taru suna kallo. Maman Arlette tana zaune a kan turmi tana ɓare gyaɗa, ba ta gani amma tana jin komai.

"Ka juya kuma."

"Ban juya ba."

"Na ji tafinka. Mutumin da ya faɗi da baya ba ya yin ƙara biyu."

"Jikin nan ne, Maman Arlette. Ya ƙi mutuwa sau da yawa, yanzu ko na wasa ba ya yarda."

"Jikin ne ko mai jikin?"

"Ki ci gaba da gyaɗarki."

Ta yi dariya har kwanon gyaɗar ya kusa zamewa daga cinyarta. Sannan ta ce in abin ya gagara, kwanon Fulbert ma ya ishe ta, ita dai hannuna take so. Wannan ya fi dariyar ciwo. Na mayar da katifa ɗaki.

Da azumin Ista ya yi nisa, zafi ya sauko Garwa irin wanda ƙadangaru ma suke neman inuwa, na tafi bakin kogi wurin Lukmanu. Shi ne mai jirgina duk shekarun da na yi ina nutso: ni a ƙasa da bokiti, shi a sama yana karɓa yana juyewa. Yanzu gwiwa ta zaunar da shi, yana da rumfa yana sayar wa masu yashi shayi. Musulmi ne, bai taɓa rasa sallah a kan lokaci ba ko muna tsakiyar ruwa, kuma bai taɓa barin in wuce ba tare da ya tsokane ni ba.

Ya tarbe ni da gaisuwar Fulatanci: "Jam na, ɗan dutse! Ga mai kayar da limaminsu. An ce da ka ɗaya ka gama da shi."

"Jam. Zuba mini shayi ka rufe bakinka."

"Ni da na ce zan zo kallo ranar, ciwon gwiwa ya cuce ni. Bartalmi, duk garin nan ba wanda za ka yi kokawa da shi sai mai tabarau?"

Na gaya masa damuwata, don shi ba a ɓoye masa abu. Ya saurara yana kaɗa shayi. Ya ce shi bai san addininmu ba, amma ya san ni, kuma in Faston nan yana son ransa gara ya ɗauki kwanon.

Muna nan yamma ta yi, jirage suka fara cika. Wanda bai san aikin ba sai in gaya masa: jirgin da aka cika da jiƙaƙƙen yashi yakan nutse har bakinsa ya rage kaurin yatsa a kan ruwa. Mai nutso kuma yana cikin ruwa, a gajiye, yana son hawa. Kusa da mu akwai wani ƙato, baƙo ne a aikin, da gani manomi ne da rani ya koro. Ya gama bokitinsa na ƙarshe, sai ya kama bakin jirgi da hannu biyu zai ɗaga kansa. Jirgin ya karkata, ruwa ya fara kwarara ciki.

Ban san lokacin da na miƙe ba. "Kai! Saki jirgin, wawa! Za ka nutsar da aikin yini! Miƙa wa mai jirgi hannu kawai ka saki jikinka, shi zai ja ka!"

Ya saki. Mai jirgin ya jingina nauyinsa ɗaya gefen, ya kama wuyan hannunsa, ya zamo da shi kan yashin kamar an jawo babban kifi. Na zauna ina huci, ina cewa mutanen yanzu ƙarfi kawai gare su, ba kai.

Sai na ga Lukmanu ya daina kaɗa shayi. Yana kallo na, yana danne dariya.

"Mene ne?"

"Ba komai. Sake faɗa in ji. Ya yi yaya?"

Na kai shayina baki, shi kuwa ya ci gaba.

"Mutumin da ba a taɓa ɗagowa ba! Bartalmi, kafaɗar nan tawa ta dama har yau ba ta ɗaguwa sosai, saboda wa? Kullum yamma ina jawo ka kamar buhun masara, kana lumshe ido."

"Wannan dabarar aiki ce. Kuma ni nake miƙa hannun."

"Ni nake ja."

"Da ban miƙa ba fa?"

"Da ka kwana da dorina. Da ban ja ba fa?"

"Da na yi iyo zuwa gaɓa."

"Da wane ƙarfin? Kana tasowa ido cike da yashi, ba ka ma san inda jirgin yake ba. Ni nake bin kumfarka in kawo shi bisa kanka. Kafin ka ɓullo hannuna yana nan yana jira. Akwai ma ranakun da hannun naka ba ya miƙuwa, ta wando nake kamo ka."

"Ban tuna da wannan ba."

"Wandon ya tuna."

Muka yi ta musu har aka kira sallar magariba, bai yarda ba, ban yarda ba. Amma na tashi daga rumfar nan da abin da na zo nema.

Da safe na je gidan Fasto na same shi yana wanke babur ɗinsa. Na ce masa na gano maganar alherin nan, kuma na gano ta da kaina. Na ba shi labarin jirgi: mai ƙoƙarin hawa da ƙarfinsa nutsar da komai yake yi, nasa kawai ya miƙa hannu ya saki jiki.

Ya ajiye tsumman. "Baba, wannan ya fi wa'azina na makon jiya."

"Na sani. Na ji wa'azin."

"Amma in tambaye ka. Ƙarfin miƙa hannun, daga ina?"

"Fasto, kada ka ɓata mini. Na bar maka ja, na bar maka jirgi, na bar maka har zuwa bisa kaina. Bar mini hannun."

Ya yi dariya ya ce manyan malamai sun yi ta jayayya a kan hannun nan tun kafin a haifi kakanninmu, ba a tsakar gidansa za a gama ta ba. Ya ce shi dai a ganinsa har hannun kyauta ne, amma kyautar da aka ba ni, don haka in miƙa abina. Na ce wannan maganar masu tabarau ce, amma na karɓa. Na roƙe shi abu ɗaya: kada in naɗe hannu a ƙirji, ya riƙe ni ta wuyan hannu yadda jikina ya sani. Ya ce ba laifi, amma da baya zan shiga kamar kowa. Ya kuma ce zai sa Fulbert ya tsaya kusa.

"Don ni?"

"Don ni, Baba."

Ranar Ista da hantsi muka gangara kogi. Ruwa ya ja baya, yashi fari fat, mata da fararen kallabi suna waƙa da Hausa su juya da Fulatanci su koma yaren dutse. Labari ya riga ya zaga, masu yashi sun bar aiki sun jeru a kan jiragensu. Can gefe na hango Lukmanu a cikin wani jirgi, yana yi kamar gyaran igiya ya kawo shi. Maman Arlette tana bakin gaɓa, na ji tana ce wa Pascaline, "Ki riƙa faɗa mini komai, kada ki rage."

Da ƙafata na shiga ruwan, wannan ba wanda zai ƙwace mini. Fasto ya cire tabaransa ya ba wani ya riƙe, jama'a suka yi dariya. Ya kama wuyan hannuna na dama, ya sa ɗaya hannun a bayana.

"Ka shirya, Baba?"

"Ni na shirya. Kai fa?"

Ya kira sunayen nan uku, ya fara kwantar da ni. Ƙeyata ta taɓa ruwa, na ji jikina yana shirin murɗewa, ƙafata ta dama har ta nemo yashi ta kafe. Na ce mata, ke, yau ba ke ba ce. Ban taɓa yin aiki mai wuyar wannan ba, ni da na ɗaga bokitin yashi har gashina ya yi fari. Na saki. Ruwa ya rufe kunnena, ya rufe fuskata, waƙar ta koma can nesa.

Idona a buɗe yake, don mai nutso ba ya rufe ido. Sai na ga abin da ban taɓa gani ba. Duk rayuwata a cikin kogin nan ƙasa nake kallo, yashi da laka da ƙafata. Ranar na ga sama daga ƙarƙashin ruwa, rana tana wargajewa tana haɗuwa, haske kore-kore yana sauko mini a fuska. Na ce, ashe haka yake a bayana duk shekarun nan.

Fasto ya ja. Ban taso ba.

Ya sake ja, na ji ƙafarsa tana zamewa a yashi. Gaskiya ita ce mutumin da ya saki jiki da gaske nauyi gare shi, ni kuma ba ƙaramin mutum ba ne. Diddigena yana kan ƙasa, bugu ɗaya ya isa in tsaya a kan ƙafata in taimake shi. Na ƙi. An ce in bari a ɗago ni, to ga ni. Numfashi kuwa ina da shi a ajiye, wanda zai ishi mutum uku. Na kwanta abina ina kallon haske.

Abin da ya faru a sama daga baya aka ba ni labari. Waƙa ta tsaya. Pascaline ta ce, "Mama, bai fito ba!" Maman Arlette ta ce, "Ya juya?" Ta ce, "Bai juya ba, ya nutse!" Ta ce, "To ƙyale shi, daidai yake yi." Fasto yana kiran Fulbert da Faransanci, Fulbert ya faɗo ruwa da takalminsa na zuwa majami'a. Daga cikin jirgi kuma Lukmanu yana ihu, "Ku jingina baya! Ku ja da nauyinku, ba da hannu ba! Ta wando, ku kamo shi ta wando!"

Na ji hannu ya shiga ƙarƙashin hammatata, na ji Fasto ya riƙe wuyan hannuna da hannu biyu. Suka ja tare. Na fito cikin iska da guɗa da bugun bokitai a jikin jirage, Fasto yana haki kamar shi aka nutsar.

"Baba, me ya sa ba ka ɗan taimaka ba?"

"Kai ka ce kyauta ne."

Fulbert, wanda ban taɓa ganin haƙoransa ba, ya yi dariya har ya zauna a cikin ruwa. Na tambaye shi ko wannan ta yi. Ya ce ta yi har ta yi yawa. Ku tambayi duk wanda yake wurin, tun da aka fara baftisma a kogin nan ba a taɓa samun wanda ya saki jiki kamar ni ba.

Na sauya kaya a bayan wata rumfa, muka hau zuwa majami'a. Na zauna kusa da matata a benci na tsakiya, inda ba iska ko kaɗan, na jure. Da lokacin Jibi ya yi, Pascaline ta taso bisa sabo, ta zo rabin hanya, ta tuna, ta koma.

Na miƙe na kama hannun Maman Arlette. "Sannu. Benci ya ƙare, juyo dama. Akwai jakar wata a hanya, ɗaga ƙafa. Ga matakala, guda ce, ba ta da tsawo."

"Na san ta, Baban Arlette."

"Kin san ta, amma yau an faɗa miki."

Ta matse yatsuna. Muka tsaya a gaban tebur kafaɗa da kafaɗa. Fasto ya sa mata gurasa a tafin hannu, ya sa mini. Na duba abin, bai kai kan babban yatsana ba. Na sunkuya na raɗa mata, "Duk wahalar nan, ɗan wannan ne?"

"Ci ka yi shiru," in ji ta. Fuskarta duk hawaye, tana kuma ƙoƙarin danne dariya.

Na ci. Ya ishe ni.